Shekarun da Aka Hana Kirsimeti a Ingila: Tarihin Gardama Kan Ibadar da Littafi Bai Umarta Ba

Ana saura 'yan kwanaki Kirsimetin shekarar 1647, magajin garin Kantabari da ke kudancin Ingila, William Bridge, ya sa sankira ya zaga gari da shela: ranar 25 ga Disamba kasuwa za ta ci kamar kullum, kowa ya buɗe shagonsa, ba biki, ba sujada ta musamman. Ranar ta faɗo Asabar. Da gari ya waye, shagunan da suka buɗe ba su wuce goma sha biyu ba. Jama'a suka yi cincirindo suna bin su ɗaya bayan ɗaya suna cewa a rufe, wanda ya ƙi sai a watsar masa da kaya a titi. Magajin gari ya fito da kansa zai tsawatar, aka ka da shi a kwata. Samari suka fito da ƙwallo suna bugawa a tsakiyar gari, mutane suka kakkafa koren ganye a ƙofofinsu kamar yadda suka gada kaka da kakanni. Kafin 'yan kwanaki, garin ya fita daga hannun hukuma, sai da aka turo soja a watan Janairu, suka ƙone ƙofofin gari suka fasa ganuwa, sannan ƙura ta lafa.

Wanda ya ji wannan labari zai zaci mahukuntan da suka hana bikin ba ruwansu da addini. Alhali Kiristoci ne na sosai, masu karanta Littafi Mai Tsarki safe da yamma, masu azumi da doguwar addu'a. Tsoron Allah ne ya sa suka hana, kamar yadda ƙaunar Almasihu ta sa da yawa daga cikin masu bikin suka ƙi bari. Abin da ya raba su tambaya ce guda ɗaya, mai sauƙin faɗi mai wuyar amsawa: abin da Littafi bai umarta ba, bai kuma hana ba, ya halatta a shigar da shi cikin sujada? Bahaushe ba baƙo ba ne ga irin wannan gardama, yana da kalmarta a bakinsa, wato bidi'a. Ga yadda Kiristocin Turai suka yi tasu, har ta kai ga zubar da jini.

Tun Zamanin Iyayen Ikilisiya

Linjila ba ta faɗi ranar da aka haifi Yesu ba, ba ta faɗi wata ba, ba ta kuma ce a yi bikin haihuwar ba. Kiristocin farko suna taruwa ranar farko ta mako, suna tunawa da mutuwarsa da tashinsa. A ƙarni na 3, babban malamin Iskandariya, Orijen, ya lura cewa a cikin Littafi waɗanda aka ga suna shagalin ranar haihuwarsu su ne irin su Fir'auna da Hirudus, kuma kowanensu ya rufe shagalin da kashe rai. Shaidar farko da ke nuna ana tunawa da haihuwar Yesu ranar 25 ga Disamba ta fito ne daga wani kundin kwanan wata na birnin Roma, wanda ke nuna ana yin haka tun wajen shekarar 336. A wajen 386, Yahaya Kirisostom yana wa'azi a Antakiya yana gaya wa jama'arsa cewa bikin bai cika shekara goma da isowa gare su ba. Har yau Armeniyawa na yin nasu ranar 6 ga Janairu, Kibɗawan Masar da Habashawa kuma ranar 7.

Bikin Ista ya fi Kirsimeti tsufa, shi ma bai tsira daga saɓani ba. Ikilisiyoyin Asiya Ƙarama, wato yammacin Turkiyya ta yau, suna yin sa ranar 14 ga watan Nisan na Yahudawa, ko da wace rana ta faɗo. Na Roma kuwa sai ranar Lahadi. A wajen shekarar 155, tsoho Polikap, bishop na Simirna, wanda ya yi zamani da waɗanda suka ga manzanni, ya yi tattaki har Roma wurin bishop Anisetus. Suka zauna suka tattauna. Polikap ya ƙi barin abin da ya gada, Anisetus ma ya ƙi barin nasa. Duk da haka, mai masaukin ya ba baƙonsa girma, ya bar shi ya jagoranci jibin Ubangiji a majami'arsa, suka rabu lafiya. Bayan shekara kusan talatin da biyar, wani bishop na Roma mai suna Victor ya tashi zai yanke zumunci da ikilisiyoyin Asiya a kan wannan magana. Ireniyus na Liyon ya rubuta masa wasiƙa, ya tuna masa da abin da dattawan nan biyu suka yi. A riƙe wannan labari, za mu dawo gare shi.

Daga nan ranaku suka yi ta ƙaruwa. Kafin ƙarshen ƙarni na 15, shekarar Baturen ƙauye cike take da ranakun tsarkaka masu yawa waɗanda ba a zuwa gona a cikinsu, ga azumin kwana arba'in kafin Ista wanda ba a cin nama, ga kyandir, ga turare, ga gumakan tsarkaka a kowace kusurwar coci. Wanda ya saɓa, kotun coci na jiransa.

Naman da Aka Ci a Zurik

Ranar 9 ga Maris, 1522, Lahadin farko ta azumi, wani mai maɗaba'a a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, Christoph Froschauer, ya zauna da ma'aikatansa da 'yan abokai. Aka kawo kyafaffen nama irin wanda ake ɗurawa a hanji, guda biyu, aka yayyanka aka raba, kowa ya ci. Limamin babban cocin garin, Ulrich Zwingli, yana wurin. Bai ci ba, amma bai hana ba. Da hukuma ta kama maganar, sai ya hau mumbari ya kare su, ya ce Allah bai ɗora wa kowa dokar barin nama a wasu kwanaki ba, mai son azumi ya yi, amma ba mai ikon mai da shi farilla. Ɗan hakin da aka raina shi ya tsone ido. A 1524 aka kwashe gumaka da hotuna daga majami'un Zurik aka shafe bango da farar ƙasa. Zwingli gwanin kiɗa ne, yana iya kayan kiɗa iri-iri, amma a zamaninsa aka rufe bakin ogan, babban abin kiɗan coci, don bai ga inda Sabon Alkawari ya umarta ba.

A Jamus, al'amarin ya bi wata hanya. Martin Luther yana ɓoye a fadar Wartburg sa'ad da abokin aikinsa Andreas Karlstadt ya jagoranci jibin Ubangiji ranar Kirsimetin 1521 a Wittenberg, sanye da tufafin gida, ba rigar limanci. Ba a jima ba matasa suka far wa gumakan coci. A watan Maris na 1522 Luther ya fito daga maɓoyarsa, ya yi wa'azi takwas cikin kwana takwas. Ya ce musu gyaran da suke nema yana da kyau, amma Maganar Allah ce za ta yi aikin a cikin zukata, kada a yi shi da ƙarfin tuwo, kada kuma a ɗauki abin da Allah ya bar wa mutum zaɓi a mai da shi dole. Mabiyansa suka riƙe Kirsimeti da waƙoƙi da ogan. Ƙa'idarsu ita ce: abin da Littafi bai hana ba, kuma yana gina jama'a, a bar shi.

Ɗaya ɓangaren, wanda ya taso daga Zurik da Jeniba, ya juya ƙa'idar: a sha'anin sujada, abin da Allah bai umarta ba haramtacce ne. Amma ko a cikinsu baki bai zo ɗaya ba. An soke bukukuwa a Jeniba, birnin Bern ya matsa a dawo da guda huɗu, kuma rikicin wa ke da ikon tsara sujada, majalisar gari ko masu wa'azi, yana cikin abin da ya sa aka kori masu wa'azi John Calvin da William Farel daga Jeniba a 1538. Calvin ya dawo a 1541. Da majalisar gari ta sake soke bukukuwan a 1550, ya rubuta wa abokansa cewa ba shi ya nema ba. A 1566, Heinrich Bullinger, magajin Zwingli, ya fitar da bayanin bangaskiya wanda ya yarda da ranakun tunawa da haihuwa da mutuwa da tashin Almasihu, muddin an yi su cikin 'yanci. Da takardar ta isa Sikotland, malaman can suka amince da ita, ban da wannan wuri ɗaya.

Hujjar Kowane Ɓangare

Masu hanawa suna buɗe Littafin Firistoci sura 10, inda Nadab da Abihu, 'ya'yan Haruna, suka kawo wuta a gaban Ubangiji wadda bai umarce su ba, suka mutu nan take. Suna cewa a duba da kyau, laifinsu shi ne yin abin da ba a ce su yi ba. Suna kawo Maimaitawar Shari'a sura 12, inda aka hana ƙari da ragi a kan umarni, da Markus sura 7, inda Yesu ya tsauta wa masu koyar da al'adun mutane kamar dokar Allah, da damuwar da Bulus ya nuna wa Galatiyawa saboda kiyaye ranaku da watanni. A ganinsu, sarki ne ke faɗin yadda za a shiga fadarsa, ba bafade ba. Rana ɗaya Allah ya keɓe, ranar Ubangiji, sau hamsin da biyu a shekara, kuma ta isa.

Masu yarda su ma da Littafin a hannu suke magana. Suna nuna Esta sura 9, inda Yahudawa suka kafa idin Furim don tunawa da tsirarsu, ba a cikin dokar Musa yake ba. Suna nuna Yahaya sura 10, inda Yesu yake cikin Haikali lokacin idin tunawa da tsarkake Haikalin, idin da aka kafa a zamanin Makabiyawa, ƙarnuka bayan Musa. Suna kawo Romawa sura 14, inda Bulus ya bar maganar fifita wata rana ga lamirin kowa. Sukan ƙara da cewa ko mai hanawa ya tsayar da sa'ar sujada, ya gina majami'a, ya kafa mumbari, kuma ba aya a kan ko ɗaya. Masu hanawa sai su amsa cewa sa'a da gini yanayin taro ne kawai, amma keɓe rana a ce mai tsarki ce, wannan ibada ce. A kan wannan siririn layi aka shekara fiye da ɗari ana ja.

Farar Riga a Ingila

A Ingila, gardamar ta fara ne daga tufafi. A 1550 aka zaɓi John Hooper, wanda ya zauna a Zurik, ya zama bishop na Gloucester. Ya ce ba zai sa rigunan naɗi ba, don ba su da tushe a Littafi. Bishop na Landan, Nicholas Ridley, ya ce riga ba komai ba ce, kuma tun da hukuma ta tsara, a bi. Sai da aka sa Hooper a kurkuku kafin ya yarda, aka naɗa shi a 1551. Bayan shekara huɗu, a mulkin Sarauniya Mary 'yar Katolika, aka ƙone su duka biyu da wuta, Hooper a watan Fabrairu, Ridley a watan Oktoba na 1555. Suna tsare Ridley ya rubuta wa Hooper wasiƙar sulhu. A bakin mutuwa, rigar da ta raba su ba ta ƙara yin nauyi ba.

Sarauniya Elizabeth ta farko ta dawo da tafarkin Furotesta a 1559, amma ta riƙe wasu tsofaffin al'adu: farar rigar limami, zana alamar gicciye a goshin jariri wurin baftisma, zoben aure, da durƙusawa wurin karɓar jibi. A watan Maris na 1566, babban bishop Matthew Parker ya tara limaman Landan a fadarsa ta Lambeth, aka tsayar da wani limami a gabansu sanye da kayan da ake so, aka ce kowa ya sa hannu zai yi irin wannan shiga. Mutum 37 suka ƙi, aka dakatar da su daga aiki. A wannan zamani ne aka fara yi wa irinsu laƙabin Furitan, wato masu cewa sai an tsarkake coci sarai. Da fari zagi ne, daga baya ya zama suna. Malamin da ya fi ba su amsa mai zurfi shi ne Richard Hooker, wanda a shekarun 1590 ya yi bayani cewa Allah ya ba mutum hankali, ya kuma ba ikilisiya ikon tsara abin da Littafi ya yi shiru a kai.

Akwai kuma abin da idon Furitan ke gani a titi. Kirsimetin wancan zamani kwana goma sha biyu ake yi, a tsakiyar hunturu, an gama aikin gona, an yanka dabbobi, giya ta nuna. Ana caca, ana buguwa, ana naɗa sarkin wasa ya jagoranci sheƙe aya. Furitan suka ce an fi saɓa wa Almasihu a waɗannan kwanaki fiye da sauran shekara, kuma ba ƙarya suka yi ba. Sai dai talaka yana ganin wata fuskar: lokacin ne attajiri ke buɗe ƙofarsa, bara ke hutawa, wanda bai ga nama ba tun kaka yake ci ya ƙoshi. Da Sarki James ya fitar da shela a 1618 mai halatta rawa da harbin baka ranar Lahadi bayan sujada, ɗansa Charles kuma ya sabunta ta a 1633 ya ce a karanta a kowane mumbari, sai Furitan suka ga an sassauta ranar da Allah ya keɓe, an tsananta ranakun da mutum ya ƙago.

Sikotland Ta Ƙi Durƙusawa

Tun 1560, John Knox da abokansa suka rubuta tsarin cocin Sikotland suka jera Kirsimeti cikin ranakun da za a soke. Sarki James, wanda ya haɗa sarautar Sikotland da ta Ingila a 1603, ya so cocin ƙasashen biyu su yi kama. A 1618 ya matsa wa taron malamai a garin Perth suka amince da abubuwa biyar, ciki har da durƙusawa wurin jibi da kiyaye ranaku biyar: Kirsimeti, Juma'ar gicciye, Ista, hawan Yesu sama da Fentikos. Jama'a da yawa suka ƙi. Wasu 'yan kasuwar Edinbara suka riƙa buɗe shagunansu ranar Kirsimeti da gangan, wasu suka riƙa tafiya majami'un ƙauye inda za su karɓi jibi a zaune.

Charles ya ƙara gishiri. Ranar 23 ga Yuli, 1637, aka fara karanta sabon littafin addu'arsa a babban cocin St Giles na Edinbara, nan take wuri ya yamutse, har da jifa da kujeru. A 1638 mutanen ƙasar suka sa hannu a Alkawarin Ƙasa, taron Gilasgo ya rushe dokokin Perth ya kuma tuɓe bishop-bishop. Sarki ya ɗaura yaƙi, kuɗi suka ƙare masa, dole ya kira majalisar dokokin Ingila a 1640. Majalisar nan ce, cike da Furitan, ta ƙi watsewa, har aka shiga yaƙin basasa a 1642.

Reshe Ya Juye da Mujiya

Majalisa ta sa a riƙa azumin ƙasa kowace Larabar ƙarshen wata saboda yaƙi. A 1644 Larabar ta faɗo ranar 25 ga Disamba, aka ba da umarni a yi azumin, a kuma nemi gafarar shagalin da aka saba yi a ranar. A Janairun 1645 aka ajiye tsohon littafin addu'a, aka kawo sabon tsarin da malaman taron Westminster suka rubuta, wanda ya ce ranakun idi ba su da tushe a Maganar Allah. A watan Yunin 1647 doka ta soke Kirsimeti da Ista da Fentikos gaba ɗaya. Don kada yaran shago da barori da ɗalibai su rasa hutu, aka ba su Talata ta biyu ta kowane wata. Mutane kan jingina wannan hani ga Oliver Cromwell, amma majalisa ta riga ta yi dokar tun kafin ya hau mulki a 1653, shi dai ya ci gaba da zartar da ita.

Abin da ya biyo baya shi ne abin da muka fara da shi. Ba Kantabari kaɗai ba, an yi tarzoma a Landan da Ipswich da Bury St Edmunds. Da aka gurfanar da 'yan Kantabari a watan Mayun 1648, masu taimaka wa alƙali suka ƙi tuhumar su, daga nan yankin Kent ya yi bore, sai da Janar Fairfax ya murƙushe su a Maidstone ranar 1 ga Yuni. Aka sare kan Sarki Charles ranar 30 ga Janairu, 1649. Shekara bayan shekara, majalisa na zamanta ranar Kirsimeti, ana shela a buɗe kasuwa, jama'a kuwa na rufe ƙofa su yi bikinsu a cikin gida.

Wani bawan Allah mai suna John Evelyn ya rubuta abin da ya same shi a Kirsimetin 1657. Ya je sujada da matarsa a wata ƙaramar majami'a ta gidan Exeter a Landan. An gama wa'azi, ana shirin jibi, sai soja suka kewaye wurin. Masu sujada suka ci gaba da tashi ɗaya bayan ɗaya suna zuwa gaban bagadi, soja na auna su da bindiga. An bar su sun gama, sannan aka tsare su, hafsoshi suka yi wa Evelyn tambayoyi a kan dalilin da ya sa ya kiyaye ranar da aka hana, daga baya suka sake shi. A tsaya a dubi wannan hoto. Jikokin waɗanda aka kora daga aiki don sun ƙi sa farar riga, su ne yanzu ke tsaye da bindiga a kan mutumin da ya durƙusa. Garin neman gira an rasa ido.

A 1660 sarauta ta dawo da Charles na biyu, Kirsimeti ta dawo tare da shi. Amma waɗanda suka yi nasara ba su ɗauki darasi ba. Dokar 1662 ta ce kowane limami ya amince da duk abin da ke cikin littafin addu'a kafin 24 ga Agusta, ko ya bar aiki. Kusan dubu biyu ne suka rasa majami'unsu a wannan juyi.

Ƙetaren Teku

Waɗanda suka yi hijira zuwa Amurka sun tafi da ƙa'idarsu. Ranar 25 ga Disamba, 1620, mutanen Plymouth sara itace suka yi don gina gidansu na farko. A shekara ta gaba, wasu sababbin zuwa suka gaya wa gwamna William Bradford cewa lamirinsu bai yarda su yi aiki a ranar ba. Ya ƙyale su, ya tafi aiki da sauran. Da ya dawo da azahar ya tarar da su suna wasanni a titi, sai ya ƙwace kayan wasan, ya ce shi ma lamirinsa bai yarda wasu su yi wasa wasu na aiki ba, in ibada ce su yi ta a ɗakunansu.

A 1659 hukumar Masacuset ta sa tarar sule biyar ga duk wanda aka kama yana kiyaye Kirsimeti, ko da barin aiki ko da liyafa. An soke dokar a 1681 saboda matsin Landan, amma shekaru da yawa bayan haka shagunan Bostan a buɗe suke a ranar. Su Furitan ba su ƙi ranar godiya ko ta azumi ba, in wani babban abu ya faru, kamar samun ruwa bayan fari, sukan sa rana. Abin da suka ƙi shi ne ranar da za ta riƙa dawowa kowace shekara. A hankali ranar godiyarsu ta bayan girbi ta zama ta shekara-shekara, har Shugaba Lincoln ya yi shelarta ga ƙasa duka a 1863. Zuciyar ɗan Adam tana son ranar tunawa, in an toshe nan sai ta ɓullo can. Masacuset ta mai da Kirsimeti ranar hutu a 1856, gwamnatin tarayyar Amurka a 1870. Sikotland kuwa sai a 1958.

Abin da Ya Rage Mana

Gardamar ba ta mutu ba. A tsibiran arewa maso yammacin Sikotland har yau akwai majami'un da ba sa Kirsimeti, ba sa rera komai sai Zabura, ba kuma kayan kiɗa. A garuruwanmu ma, kowa ya san Shaidun Jehobah ba sa bikin, cocin Deeper Life kuma taron addu'a da koyarwa take yi a ƙarshen Disamba, alhali maƙwabtansu na ɗinka sababbin kaya suna aika shinkafa gida-gida.

Ni dai abin da na gani cikin wannan tarihi shi ne, tambayar Furitan tambaya ce ta gaskiya, kuma ikilisiyar da ta daina yin ta tana cikin haɗari. Dole a riƙa tambaya: wannan abu da muke yi, wa ya ce a yi? Ya kusantar da mu ga Allah, ko ya zama kasuwa da gasar tufafi da cin bashi? Wanda ya ƙi biki don tsoron ƙara wa Allah abin da bai nema ba, ya cancanci girmamawa. Haka kuma wanda ya ware rana don ya gode wa Allah saboda haihuwar Mai Ceto, ya ciyar da maraya, bai cancanci a kira shi mai bautar gunki ba.

Inda duka ɓangarorin suka yi tuntuɓe wuri ɗaya ne. Sarki James ya ce dole a yi, majalisa ta ce dole a bari, kowannensu ya ɗauko sandan hukuma ya shiga da shi inda ba ya kaiwa, wato cikin lamirin mutum. Abin da Zwingli ya kare a gidan mai maɗaba'a 'yanci ne, abin da Luther ya roƙi mutanen Wittenberg haƙuri ne, kuma duk sa'ad da magadansu suka sami mulki suka manta da waɗannan biyu, sai an yi kuka. Tilas ta buɗe majami'u ranar Kirsimeti a 1618, ta rufe su a 1647, amma ba ta sauya zuciyar kowa ba.

Shi ya sa nake komawa ga dattawan nan biyu da suka haɗu a Roma. Ba su daidaita a kan rana ba, ba wanda ya ce ɗan'uwansa ya ɓata, ba wanda ya kira dogari. Anisetus ya ja da baya, ya ba tsohon da ya saɓa masa wuri a gaban teburin Ubangiji, ya karɓi gurasa daga hannunsa. Sannan Polikap ya koma Simirna, ya ci gaba da kiyaye ranarsa.